Kifin da Mama Ta Yi wa Gishiri

Mama ta rasu saura mako uku Shammun Nasim, bikin shan iska da ake yi a Masar da shigowar bazara. Ta bar garwar kifinta a saman bene, an ɗaure bakinta da leda, an danne murfin da dutse.

Tun muna yara ita ke yin fasikh ɗin gidanmu, wato kifin gishirin da ake ci a bikin, da hannunta. Da zarar sanyi ya fara ja da baya sai ta aiki Baba kasuwa ya sayo mata manyan kifaye. Ta wanke, ta shanya su a inuwa har su kumbura, ta cusa musu gishiri, ta jera a garwa ta rufe. Ba a buɗewa sai jajibirin ranar shan iska. Duk unguwarmu a garin Zifta a shago ake saya, ita kuwa cewa take yi mai niyyar cin kifin shago ya fara barin wasiyya tukuna. Ba ta koya wa kowa ba. In na hau benen zan taya ta sai ta ce in sauka, hannuna da zafi, zan ɓata mata aiki.

A shekarar ma ta yi, duk da ba a daɗe da sallamo ta daga asibiti ba, ƙafafunta a kumbure. Ina garin Tanta a gidan mijina ta gaya mini a waya. Na yi mata faɗa, ta ce in ji da 'ya'yana in bar ta da kifinta. Washegari aka sake mai da ita asibiti, ba ta dawo ba.

Ranar Juma'ar ƙarshe kafin bikin muka taru a gida: ni, da Yaya Midhat babbanmu, da matarsa Azza, da autanmu Ashraf. Masu ta'aziyya sun ɗauke ƙafa, an mai da kujerun haya. Baba na zaune a bakin taga bai ce uffan ba tun da aka sauko daga masallaci. Sai da aka kawo shayi ya yi magana.

"Litinin da asuba za mu fita. Midhat, ka zo da mota da wuri, kada a riga mu gindin ɓauren da muka saba zama."

Yaya Midhat ya ajiye kofinsa. "Fita ina, Baba?"

"Ina muke zuwa duk shekara?"

"Haba Baba. Ko arba'in ba a yi ba. Mutane su gan mu a bakin ruwa muna ɓare ƙwai? Me za su ce?"

"Su ce abin da suka ga dama. Da rarrafe ta hau benen nan ta yi wa kifi gishiri. Wa ta yi wa? Kyanwoyin unguwa?"

Yaya ya dube ni yana neman in sa baki, na sunkuyar da kai. Ni ma ba na son zuwa, amma wannan ce magana mafi tsawo da Baba ya yi tun ranar jana'iza.

Ranar Lahadi bayan azahar Baba ya tafi aski. Duk shekara shi ke ɗaga dutsen, Mama ta buɗe murfin. Yaya ya ce mu hutar da shi hawan bene, mu gama gyaran kifin kafin ya dawo, don in ya tsaya a kan garwar nan Allah kaɗai ya san yadda zai sauko. Muka hau mu huɗu. Azza ta naɗe hancinta da mayafi tun daga ƙasan matakala.

"Shekara nawa kina gidanmu," in ji Ashraf, "har yau hancinki na 'yan Alƙahira ne."

"Ku dai ku ci mushenku lafiya. Ni ƙwai ya ishe ni."

"Mushe? Bara wa na gani a bayan mota tana lasar yatsa?"

"Latas na ci, maƙaryaci."

Ya yi dariya, ya ɗaga dutsen, na kwance ledar. Tun kafin murfin ya gama tashi dariyar ta tsaya.

Fasikh yana da wari, kowa ya sani, amma wari ne da muka girma da shi. Wannan daban ne. Ya bugi fuskata har idona ya kawo ruwa. Ruwan da ke ciki ya yi kumfa, ya yi baƙi-baƙi. Yaya ya sa yatsa ya danna bayan kifin da ke sama, yatsan ya nutse kamar a cikin kunu.

Azza ta ja da baya ta yi salati. Ashraf ya ce, "Wataƙila na saman ne kawai. A duba na ƙasa."

Aka duba. Duk ɗaya.

"Wannan ko kare ya ci sai an binne shi," in ji Yaya. "Duk shekara ana kwasar mutane zuwa asibiti a kan wanda bai kai wannan ba."

"Sai mu gaya masa," na ce.

"Ki gaya masa me, Sawsan? Abu na ƙarshe da ta yi a duniya ya ruɓe? Ke za ki faɗa?"

Muka tsaya cirko-cirko a rana, ƙudaje sun fara taruwa. Azza ce ta kawo shawarar, a hankali, kamar mai jin kunya: a sayo na shago, a gyara shi a faranti irin yadda Mama ke yi. Ashraf ya ce Mama za ta tashi daga kabari ta shaƙe mu. Yaya ya daka masa tsawa ya ce ya hau babur ya tafi, ya zaɓo mafi kyau, kada ya tsaya taya farashi.

Ni na riƙe bakin buhu, Yaya ya dinga zaro kifayen ɗaya bayan ɗaya yana zubawa. Da ya gama ya ƙulle, ya sauka da shi. Daga saman bene na ga ya tsayar da mai keken shara, irin wanda jaki ke ja, a bakin layi, ya ɗora buhun a kan ɓawon kankana da tsummoki. Jakin ya ja, kyanwoyi biyu suka bi bayansu.

Kafin Baba ya dawo mun wanke garwar, mun cire wa kifin da Ashraf ya sayo kawuna da ƙaya, mun matse lemun tsami, mun zuba mai, mun rufe babban farantin Mama da ƙyalle. Ya shigo yana ƙamshin turaren aski, ya tsaya a ƙofar kicin.

"Wa ya buɗe?"

"Ni ne, Baba," in ji Yaya. "Saboda gwiwarka."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya matso ya ɗaga ƙyallen da yatsa biyu, a hankali, kamar mai tsoron abin da zai gani. Naman ya yi ja-ja, da ƙarfinsa, yana sheƙi.

"Ya yi," ya ce. "Allahu akbar. Ya yi!"

Ya juyo yana murmushi, hawaye na bin sabon askinsa. Na shige banɗaki na kunna famfo.

Litinin muka isa lambun bakin madatsar ruwa rana ba ta gama fitowa ba, amma mutane sun cika. Ko'ina tabarmi, yara da sababbin kaya suna guje-guje da ƙwai masu launi, samari sun cika kwale-kwale suna kiɗa. Mu kaɗai ne a baƙaƙen kaya. Gindin ɓauren babu kowa. Ashraf ya shimfiɗa tabarma, Azza ta fito da albasa mai lawashi da latas da gurasa. 'Ya'yanmu suka zauna shiru kamar a aji, sai da Baba ya kore su ya ce su tafi su yi wasa, ba makoki aka zo ba.

Ban tuna da Ummu Mina ba sai da na hango ta.

Ita da mijinta Kiristoci ne daga wani ƙauye a ƙetaren kogi. Tun kafin a haifi Ashraf suke shimfiɗa tabarmarsu a ɗaya gefen bishiyar. Sau ɗaya a shekara suke haɗuwa da Mama, su zauna kafaɗa da kafaɗa tun safe har la'asar, su zazzage wa juna labarin shekara guda: wa ya yi aure, wa ya haihu, wace suruka ce ba ta da kunya. Kullum sai sun ce bana za su ziyarci juna. Ba su taɓa yi ba, ko lambar waya ba su karɓa ba. Ba wanda ya yi tunanin sanar da ita, kuma ko mun yi tunanin ba mu san inda za mu aika ba.

Ta taho tana dogara sanda, da kwanon ƙwai a hannu, tana ɗaga murya tun daga nesa tana kiran Mama.

"Ina take? Ina malalaciyar nan? Bana na riga ta rina ƙwai, ta fito ta ga ja irin na gaske! Nabawiyya!"

Ta iso bakin tabarma. Ta dubi Baba, ta dube ni, ta dubi baƙin mayafin Azza. Bakinta na buɗe.

Baba ya miƙe tsaye. "Ummu Mina, ƙawarki ta riga mu. Yau mako uku."

Kwanon bai faɗi ba. Ta sunkuya ta ajiye shi a ƙasa da kyau, sannan ta zauna daɓas a kan ciyawa, ta fara dukan cinyarta. "Ba ta gaya mini ba," take ta faɗa. "Bara ta ce ƙafa ce kawai. Ba ta gaya mini ba." Mijinta ya taho da sauri, tsoho mai rawar hannu, ya rungume Baba. Masu tabarmin kusa suka rage rediyo. Na durƙusa na riƙe ta, muka yi kukan da na ɗauka na gama shi tun ranar uku.

Baba ne ya rarrashe ta. Ya ce ta share hawaye, ai Ummu Midhat, wato Mama, ba ta tafi haka kawai ba, ta bar mata rabonta.

"Ku matso da tabarmarku. Da hannunta ta yi, ana gobe za a mai da ita asibiti. Yau za ku ci kifinta na ƙarshe."

Yaya ya kafa idonsa a kan kogi. Ashraf ya tashi ya ce bari ya duba yara.

Baba da kansa ya rarraba. Ya yagi gurasa ya ɗora nama, ya matse lemo, ya miƙa wa Ummu Mina, ya miƙa wa mijinta, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Har Azza ta karɓa ba musu. Ummu Mina ta sa a baki tana kuka.

"Hannunta ne," ta ce. "Ko a cikin dubu zan gane shi. Allah ya ji ƙanki, Nabawiyya. Wa zai ƙara yi mana irin wannan?"

Sannan Baba ya yi bismilla ya kai lomarsa.

Ina kallonsa. Ya tauna sau biyu ko uku, ya tsaya. Bai ɗago kai ba. Ya ci gaba da taunawa a hankali, ya haɗiye da ƙyar kamar mai shan magani. Ya ɗauki albasa ya riƙe, bai ci ba.

"Abu Midhat, ba ka ci," in ji mijin Ummu Mina.

"Ina ci. Ku ƙara, ku ƙara. Sawsan, zuba musu."

Haka ya yi ta ɗura musu har farantin ya kusa ƙarewa. Ya saurari Ummu Mina tana ba da labarin shekarar da iska ta ɗauke mayafin Mama ta jefa a kogi, har ya gyara mata inda ta manta. Da rana ta take suka koma tabarmarsu don tsohon ya kishingiɗa. Kafin ta tafi ta sa na kwatanta mata gidanmu, ta ce za ta zo arba'in ko da rarrafe.

Suna bayar da baya Baba ya goge hannunsa da ƙyalle, yatsa bayan yatsa.

"Ina nata?"

"Na wa, Baba?" in ji Yaya. "Ai shi ne muka ci."

"Ba da kai nake ba. Sawsan, ina kifin uwarki?"

Na dubi Yaya. Ya jira. Bai taɓa ɗaga mini murya ba tun ina yarinya, yau ma bai ɗaga ba.

"Ya lalace, Baba."

"Duka?"

"Duka."

Ya gyaɗa kai. "Yana ina?"

Yaya ya ce, "Na ba mai shara."

"Shara," in ji Baba.

"To ya kake so in yi? In kawo maka guba a faranti? Da ka ci loma ɗaya da yanzu muna asibiti!"

"To, sai me?"

Yaya ya miƙe zumbur, fuskarsa ta yi ja. "Sai me? Sai me ka ce? Ni na shiga kabarin nan na kwantar da ita, ƙasar ba ta gama fita daga farcena ba, kana ce mini sai me?" Azza ta kama hannun rigarsa tana cewa ya zauna, mutane na kallo. Ya fizge, ya yi 'yan taku, ya tsaya ya ba mu baya, kafaɗunsa na girgiza.

Baba bai dube shi ba. Da ya sake magana, da tabarma yake yi.

"Kun ɗauka ni yaro ne. Ina wurin ranar da ta yi shi. Ni na hau da kifin, ni na hau da gishirin. Tana cikin yi numfashi ya gagare ta, ta jingina da bango ta ce, Rifa'i, rufe mini, gobe na ƙarasa. Na rufe. Goben a motar asibiti ta same mu. Rabin gishirin yana nan a buhu bayan tankin ruwa, kullum sai na gan shi." Ya ja numfashi. "Na san da wuya ya yi. Ba ci zan yi ba, ban haukace ba. So nake in ɗaga dutsen in buɗe da hannuna, in ga inda ta tsaya. In ya ruɓe in haƙa rami in rufe shi. Shi ke nan abin da nake so."

Ashraf ya dawo tun ɗazu, yana tsaye a jikin bishiya. Ya ce, "Baba, don kai muka yi."

"Na sani. Jiya da na ɗaga ƙyallen nan na ce Allah ya ƙarasa mata aikinta. Na yi nafila a kan haka. Na kira baiwar Allah nan na ce ta zo ta ci hannun ƙawarta." Ya juya ya dubi inda Ummu Mina ke zaune tana yi wa mijinta fifita. "Kada wanda ya gaya mata."

Ba mu kai la'asar ba. Muka naɗe tabarmi, yara na ƙunƙuni don ba a hau kwale-kwale ba. A bakin mota Baba ya ce shi da ƙafa zai koma. Yaya ya buɗe masa ƙofar gaba ya riƙe, ya ce, "Baba, don Allah." Baba ya wuce ta gefensa. Na ba Azza 'ya'yana na bi shi.

Tafiyar ba ta da nisa, amma da gwiwarsa sai da muka yi ta tsayawa. Muna ta cin karo da masu tahowa yanzu, da tukwane da tabarmi a ka. A inuwar wani shago da ke rufe ya zauna a kan dakali, na zauna kusa da shi. Ya daɗe yana murza gwiwa.

"Kina wurin da aka zaro su?"

"Ni na riƙe buhun."

"Ya ta jera su?"

Na rufe ido na tuno. Na ce masa na ƙasa a jere suke tsaf, kan wannan a wutsiyar wancan, kowane layi da gishirinsa a shimfiɗe, har ta danna shi da tafin hannu ya kwanta. Daga tsakiya layin ya fara karkacewa. Na sama kuwa a zube suke kawai, ɗaya ma a gicciye, cikinsa babu komai.

"A gicciye," ya ce. "Wannan ni ne. Shi ya rage a tire, na ɗora shi na rufe." Ya dube ni. "Na ƙasan, kin ce ta danna da hannu?"

"Ta danna, Baba."

"Har ya kwanta?"

"Har ya kwanta."

Ya sa na sake faɗa masa tun daga farko, na faɗa. Sannan ya dafa kafaɗata ya miƙe, muka ci gaba.

Ummu Mina ta zo arba'in kamar yadda ta ce, jikanta ya kawo ta a mota. Ranar ta fara ganin ɗakin Mama. Baba da Yaya Midhat suka yi wata da watanni ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa. Da babbar salla Yaya ya zo ya sumbaci kansa, Baba ya sa masa albarka, amma hirar da suke yi a da a bakin taga ba ta dawo ba. Da shekara ta zagayo na kira Baba na tambaye shi ƙarfe nawa za mu fita. Ya ce gwiwarsa ta matsa masa, mu je kawai. Yaya ya kwashi iyalinsa suka tafi bakin teku wajen dangin Azza. Ashraf yana wurin aiki. Na dafa wa yarana ƙwai, muka ci a gida.